Ɗan Ƙwadago Ba Shi Da Ƙuri'a, Amma Yana Da Hakki



Ya ku iyayena da yayyena da ƙannena, manoman ƙasar Funtuwa da Malumfashi, da na Bakori da Ɗanja da Ƙafur, da na Ɗandume da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, ina gaishe ku, ina yi muku barka da aiki. Wanda ya iya karatu, don Allah ya ɗaga murya ya karanta wa wanda bai iya ba. Idan a dandali ake, a bar tsofaffi su matso kusa, domin akwai wuraren da su ne shaiduna. Idan an gama kuma, a shiga da takardar cikin gida a karanta wa iyayenmu mata.

Zaɓe ya ƙarato. Motoci sun fara shigowa ƙauyuka da lasifika, kowa na rantsuwa shi ne masoyin talaka. Maganar taki da hanya da makaranta mun yi ta a sauran shafukan wannan ɗan littafi. A nan kuwa ina so in yi muku maganar wani mutum wanda babu ɗan takarar da zai tsaya ya gaishe shi, babu mai ba shi atamfa ko sabulu, domin ba shi da katin zaɓe. Watau baƙon nan ɗan ƙwadago, wanda ke tsallako iyaka daga Nijar ya zo ya yi mana aikin gona.

Abokaina sun ce mini, "Malam, wannan magana ba ta kawo ƙuri'a." Na ce na ji. Amma ku saurare ni zuwa ƙarshe, sannan ku yanke hukunci da kanku, ko maganar baƙo ce shi kaɗai, ko kuwa taku ce.

WANE NE WANNAN BAƘO?

Ai kun san shi. Da sassafe za ku gan shi bakin tasha ko bakin kasuwa a tsugune, ga fartanya ko lauje a gefensa, ga ɗan buhu da ya ƙunshe riga ɗaya da bargo da buta. Ya fito daga ƙasar Maraɗi, ko Tasawa, ko Damagaram, ko Tawa. Wani Bahaushe ne, Hausarsa irin ta kakanninmu. Wani Buzu ne, wani Bafillace. Ya biyo ta Ɗan Isa ya shigo Jibiya, ya hau bayan mota har ya iso nan.

Me ya kawo shi? Ruwa. Ruwan da ke sauka a ƙasar Maraɗi kusan rabin wanda ke sauka mana ne. Daminarsu gajeruwa ce, gero da wake suka fi yi. Kafin mu shiga kaka sosai, su sun ɗaure dammansu sun sa a rumbu, kuma sau da yawa abin da ke rumbun ba ya kai su wata damina. Sai magidanci ya bar wa iyali ɗan abin da aka samu, ya cire bakinsa daga tukunya, ya yo kudu. Ma'anar ci-rani ke nan tun asali, ka ci rani a wani wuri domin hatsin gida ya yi auki.

Mu kuma a daidai wannan lokaci aiki ya sha kanmu. Masara na jiran karya, dawa na jiran yanka, waken suya na fashewa a gona, auduga ta buɗe, a Ɗanja ga tumatir ga rake. Samarinmu da yawa sun tafi Kaduna da Abuja da Legas neman na kansu. To, wa zai yi aikin? Duk wanda ya taɓa ganin buhunan masara jibge a kasuwar Ɗandume, manyan motoci na lodi za su kudu, to ya sani akwai gumin baƙo a cikinsu.

Amma ina yake kwana? A rumfar kasuwa, ko barandar makaranta, ko kangon da ba a rufa ba, cikin hunturu. Ruwan da zai sha na kududdufi ne. Idan aka ba shi aikin feshi, babu safar hannu, babu abin rufe hanci. Idan zazzaɓi ya kama shi, ya ja bargo ya kwanta, ranar nan babu aiki, babu abinci. Idan kububuwa ta sare shi cikin kara, wa zai ɗauke shi zuwa asibiti, wa zai biya kuɗin allura? Idan Allah ya yi masa cikawa, sai a binne shi ba a san sunan ubansa ba, iyalinsa can su yi ta duban hanya har damina ta faɗi.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

Kafin in shiga aikin jam'iyya, malamin firamare ne ni a wani ƙauye na wannan yanki. Wata kaka, wasu mutum bakwai daga wajen Tasawa suka roƙi a bar su suna kwana a barandar ajina. Suna fita kafin yara su zo, suna dawowa bayan magariba. Sun yi jingar karyar masara da kai ta gida da wani mai babbar gona, wanda shi a birni yake zaune, yaronsa ke tsaye a kan aikin.

Suka yi kwana 19 suna aiki. Da suka gama, aka ce su jira a sayar da masara. Suka jira mako guda suna cin bashin gari. Rannan da daddare babbansu, dattijo mai furfura, ya zo ya durƙusa mini, ni da na yi sa'ar ɗansa. Na ce, "Haba Baba, tashi." Ya ce, "Malam, kai ka san lissafi. Duba mana ko mu ne muka yi kuskure." Na ɗauki alli, na haska allo da fitilar waya, muka lissafa. Ba su yi kuskure ba. Abin da aka miƙa musu bai kai rabin abin da aka yi jinga ba.

Da safe na raka su. Yaron mai gona bai ma yi gardamar lissafi ba. Cewa ya yi, "Ina shaidarku? Ina takardunku na shigowa ƙasa? In kun ƙara magana, in kira a kama ku, in ce ku ne masu kai wa ɓarayin daji labari." Jama'a, kun san abin da wannan kalma ke jawo wa mutum a ƙasar nan yau. Dattijon nan ya dube ni, ya ce, "Malam, bari. Allah ya isa." Kafin azahar sun ɗaure kayansu sun tafi.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Da kaka ta zagayo, samarin ƙauyen, cikinsu har da yayyen ɗalibaina, suka je neman wannan aiki a wannan gona. Suka faɗi kuɗinsu. Aka ce musu, "Ku tafi, 'yan Nijar na nan zuwa, su ba su da tsada." Dole suka karya farashi. A ranar na gane cewa kuɗin da aka hana dattijon nan, ashe har da na yaran ƙauyenmu aka haɗa aka ci. Abin da ya fitar da ni daga aji ya sa ni siyasa ke nan.

MU YI LISSAFI IRIN NA MAKARANTA

Mu nawa ne a nan gonarsu ke ci da su shekara? Ku faɗi gaskiya. Yawancinmu idan watan Agusta ya kama, rumbu ya yi ƙasa, sai mu bar tamu gonar mu je ƙwadago a ta wani don a samu na tuwon dare. Ashe ke nan ɗan ƙwadago ba baƙo ne kaɗai ba. Ni ne, kai ne, ɗanka ne.

To, a ce aikin wuni naira 4,000 ne. Misali ne kawai, kowa ya sa farashin garinsu. Baƙo ya zo da yunwa, ba shi da wurin kwana, ba shi da mai tsaya masa, ya yarda da 2,500. Aka gama aiki, aka tsorata shi, aka ba shi rabi, watau 1,250. Yanzu ina tambayarku: mutumin da ya saba samun aikin wuni a kan 1,250, gobe zai ɗauke ka a kan 4,000? Ba zai ɗauka ba, ko kai ɗan maƙwabcinsa ne.

Amma a ce baƙon nan yana da wurin kwana, ba a matse yake ba. A ce an yi jinga gaban shaidu, kuma an san in aka hana shi akwai inda zai kai ƙara a saurare shi. To, arhar ta ƙare. Kuɗinsa ya zama daidai da naka, mai gona ba shi da sandar da zai doke ka da ita. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kada wani ya ce muku doka ta riga ta gyara wannan. A watan Yuli na 2024 an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Madalla. Amma dokar da kanta ta ware masu aikin lokaci-lokaci irin na gona, ta ware masu aikin jinga, ta ware duk wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba. Watau ɗan ƙwadago, na gida da baƙo, yana wajen katangar wannan doka. Idan ba mu gina masa tamu katangar a ƙaramar hukuma da majalisar jiha ba, babu mai gina masa.

Ban ce duk mai ɗaukar 'yan ƙwadago macuci ba ne. Subhanallahi. Yawancin manomanmu suna biya kafin rana ta faɗi, har su haɗa da fura. Wasu ma tsadar taki ta matse su fiye da kowa. Kuma na san akwai ɗan ƙwadagon da ke karɓar kafin alƙalami ya gudu ya bar aiki. Shi ya sa shaida da rubutu za su amfani kowa, mai gona da mai fartanya.

TSOFAFFI, KU NE SHAIDUNA

Ni ban kai shekara 30 ba, saboda haka abin da zan faɗa yanzu daga bakin iyaye da littattafan tarihi na same shi. In na yi kuskure, tsofaffi su gyara.

Su wa ye mutanen Maraɗi? Bayan jihadi, wajen 1807, sarakunan Katsina na da suka yi arewa da jama'arsu, zuriyarsu ce ta zauna Maraɗi. Har gobe sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Iyakar da ta raba mu, Turawan Ingila da na Faransa ne suka zauna a ƙasarsu suka ja ta a takarda, wajen 1906. Ba su tambayi kakanka ba, ba su tambayi kakansa ba.

Ita kanta Funtuwa, wa ya cika ta? Da layin dogo ya biyo daga Zariya ya wuce Gusau har Ƙauran Namoda a 1929, ga kuma injin gurzar auduga na Bisije, sai mutane suka yi ta kwarara daga ko'ina, leburori da 'yan dako da fatake. Da aka kawo shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975, taki ya shigo, masara ta yawaita, gonaki suka faɗaɗa, sai buƙatar hannu ta ƙaru. Ku tambayi tsohon gidanku daga ina kakansa ya zo. Gidaje da yawa za a ji an ce Daura, ko Gobir, ko Damagaram, ko Zamfara. Baƙon jiya shi ne mai unguwar yau.

Kun tuna farin 1973, lokacin da Buzaye suka sauko, raƙuma da shanu sun ƙare, mata na goye da yara? Iyayenmu ba su da yawa a lokacin, amma sun buɗe zaure, sun raba tuwo. Ba a ji garin da ya talauce don ya ciyar da su ba.

Mun kuma ga ɗaya hanyar, ta kora. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ƙasar Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Hausawan zango na Kumasi da Ankara, wasu can aka haife su, suka baro gidaje da rumfuna suka dawo da tabarma. Mun ji zafi. Sai ga shi a watan Janairu na 1983, shekarar zaɓe, mu ma muka yi irinta, aka ba baƙi mako biyu, mutane wajen miliyan 2 suka fita, cikinsu har da 'yan Nijar masu yawa. An ce su ne suka hana mu aiki, su ne suka kawo tsada. To, da suka tafi, shinkafa ta yi arha? Sabulu ya samu? Tsofaffi, ku ba yara amsa. Kafin shekarar ta ƙare soja sun karɓi mulki.

A 1984 aka rufe iyaka, ga fari ya sake faɗowa. Mutanen Nijar ba su manta da yunwar shekarar nan ba har yau. An sake rufewa a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020. An kuma rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Kowane karo, manya na rigimarsu a Abuja da Yamai, mai jaki da mai fartanya ke shan wuya.

Duniya kuwa rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A 2019, da ɓarayin daji suka addabi ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, mutanenmu fiye da 40,000 suka tsallaka jihar Maraɗi, yawancinsu mata da yara. Su wa suka fara karɓarsu? Talakawan ƙauyukan bakin iyaka, a cikin gidajensu, kafin Majalisar Ɗinkin Duniya ta zo ta tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori. Mutumin da ka hana wa kuɗin aikinsa a Bakori, wataƙila matarsa ce ta ba 'yar'uwarka tabarma a can.

MAGANAR TSARO

Na san abin da ke zuciyar da yawanku, kuma ba zan kauce masa ba. Za ku ce, "Malam, a wannan zamani da ake ɗauke mutum a gonarsa, ka ce mu buɗe wa baƙo ƙofa?" Wallahi tsoronku gaskiya ne. Mutanen Faskari da Sabuwa da Ɗandume sun binne 'yan'uwa, sun sayar da gonaki sun biya fansa. Ba mu manta da ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a watan Disamba na 2020 ba. Wanda ya ce kada ku yi hattara, ba masoyinku ba ne.

Amma ku duba. Wane baƙo ne abin tsoro, wanda mai unguwa ya san sunansa da garinsu da gonar da yake aiki da ɗakin da yake kwana, ko wanda ke ɓuya a kango don tsoron kada a kama shi? Kakanninmu sun san amsa. A da, baƙo ba ya kwana a gari sai an kai shi gaban mai unguwa, a ba shi mai masauki, mai masaukin nan shi ne idonsa, shi ne lamuninsa. Mu muka saki wannan al'ada. Kora da tsangwama ba sa hana mugu shigowa, sai dai su sa na kirki ya ɓuya tare da shi, a rasa gane wane ne wane.

Kuma mu ji tsoron Allah game da zargi. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, an tare mafarauta 'yan Arewa suna hanyar komawa gida Kano, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe mutum 16 ba tare da an kai su gaban alƙali ba. Duk Arewa ta yi kuka. Me ya kashe su? Baƙunta da zargi. Yaranmu na can Legas da Fatakwal, wasu na Agadas da Libiya. Abin da ba mu so a yi musu, kada mu yi wa ɗan wani. Wanda aka kama da laifi, baƙo ko ɗan gari, a miƙa shi ga hukuma ta hukunta shi. Wanda ba a kama da komai ba, a bar shi ya ci guminsa.

Wasu kuma za su ce muna lallashin baƙi ne don su jefa mana ƙuri'a. Ƙarya ce. Dokar ƙasa ta ce ɗan Nijeriya mai shekara 18 shi ke zaɓe. Ba mu nemi a ba baƙo kati ba, ba za mu nema ba, kuma wanda kuka gani yana yi wa baƙo rajistar zaɓe ku tona shi, ko ɗan jam'iyyarmu ne.

ABIN DA MUKA ƊAUKI ALKAWARI

Maganar iyaka da fasfo ta gwamnatin tarayya ce. Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu na 2025, ƙungiyar da yarjejeniyarta ta 1979 ta ba talakan Afirka ta Yamma damar shiga ƙasar maƙwabta ya yi kwana 90 ba biza. Wakilanmu a majalisar tarayya za su tsaya a kan kada rigimar shugabanni ta toshe wa talaka hanya. Amma ga abin da ke hannun jiha da ƙananan hukumomi, wanda za ku iya kama mu da shi:

Na ɗaya, masauki. A kowace babbar kasuwa ta wannan yanki za a gina rumfar kwana mai rufi da ƙofa, da rijiyar burtsatse da makewayi, da ɓangaren mata daban. Na baƙo ne, na kuma ɗan'uwanmu da ɓarayi suka koro daga ƙauyensu ya dawo ƙwadago a gari.

Na biyu, littafin baƙi a hannun mai unguwa. Suna, gari, mai masauki, lambar wayar wani na gida. A ba mutum 'yar takarda ya riƙe. Kyauta ne, ko sisi ba za a karɓa ba, kuma wanda ya karɓa ya ci amana.

Na uku, jinga gaban shaida. Duk aikin da ya wuce kwana uku, a faɗi kuɗi da ranar biya gaban shaidu biyu, a rubuta da boko ko da ajami, kowa ya riƙe tasa.

Na huɗu, zaman sulhu a kowace gunduma: sarkin noma, da liman, da wakilin masu gonaki, da wakilin 'yan ƙwadago wanda su suka zaɓa. A saurari ƙara cikin kwana uku, domin baƙo ba shi da guzurin zaryar kotu. Wanda ya ƙi biya bayan an tabbatar, a kai shi gaban alƙali, ƙaramar hukuma ta tsaya wa mai hakki.

Na biyar, lafiya. Daga fara girbi zuwa ƙarshensa, a ajiye allurar saran maciji a manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi da sauran hedikwatocin ƙananan hukumomi. Malaman asibiti su riƙa zagaya masaukai ran kasuwa da maganin zazzaɓi. A fara ba mutum magani kafin a tambaye shi garinsu. Malaman gona kuma su koya wa masu feshi yadda za su kare jikinsu.

Na shida, yara da mamata. Yaron da ya biyo iyayensa, a karɓe shi a firamare da makarantar allo ko na wata uku ne. Wanda ya rasu, a yi masa sutura, a buɗe littafi a kira gida, a aika wa magada kuɗin aikinsa.

Za ku ce ina kuɗi? Jama'a, kowace ranar kasuwa ana karɓar kuɗin shiga a kan kowane buhu da kowace mota. Wa ya ɗora buhun a mota? Rumfa da rijiya ba su kai kuɗin motar babban mutum guda ba. Abin da muka ce shi ne a ware wani kaso na kuɗin kasuwa, a liƙa lissafinsa a bango kowa ya gani.

ABIN DA BA SAI AN JIRA ZAƁE BA

Ya kai mai gona, addininmu ya hore mu da biyan ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. In ba ka da kuɗi a hannu, faɗa masa tun kafin ya sunkuya.

Ya ku malamanmu, Allah ya gafarta muku, ku ne kuka karantar da mu cewa hatsin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, ɗaya cikin goma zakka ce, kuma cikin mutum takwas da ake ba akwai matalauci da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Muna roƙo ku tuna wa jama'a wannan a huɗubar kaka. Ku tuna musu kuma yadda mutanen Madina suka karɓi waɗanda suka yi hijira zuwa gare su.

Ya ku iyayenmu mata, ku kuka fi kowa sanin wanda bai ci ba. Matan nan da ke bin gonaki suna roro da kala, goye da yara cikin rana, kwanon tuwo guda da tsohon zane ba za su rage ku da komai ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ya ku samari 'yan ƙwadago, ku daina kallon baƙo a matsayin wanda ya zo ƙwace muku aiki. Ku je inda suke kwana, ku zauna da babbansu, ku tsayar da farashi ɗaya. Tsintsiya ba ta shara sai an ɗaure ta.

Mu kuma 'yan jam'iyya, na roƙi kowane shugaban mazaɓa ya san inda baƙin garinsu ke kwana, ya kai musu ziyara, ba da hula ko tuta ba, da tambayar ko an biya su.

RANAR ZAƁE

Duk ɗan takarar da ya zo garinku, namu ko na wasu, bayan ya gama jawabi, wani dattijo ya tashi ya tambaye shi: "Ranka ya daɗe, in aka hana ɗan ƙwadago kuɗinsa a garin nan, ina zai kai ƙara?" In ya yi dariya ya ce wannan ba magana ba ce, to kun san matsayinku a wurinsa. Mutumin da ba ya ganin wanda ba shi da ƙuri'a, ku ma ranar da kuka jefa taku kuka zama kamar baƙon nan, sai bayan shekara huɗu.

Ku adana katinku. Kada ku sayar da shi don taliya ko sabulu. Ku fito da sassafe, maza da mata, ku dangwala wa jam'iyyarku, ku tsaya a ƙirga a gabanku. Ku ajiye wannan takarda a cikin adaka. In Allah ya ba mu nasara muka yi shekara ba ku ga rumfa da littafin baƙi ba, ku fito da ita ku karanta mana a fuska.

Dattijon nan na Tasawa ban sake ganinsa ba, ban san ko yana raye ba. Ya ce Allah ya isa a ƙasarmu, a gabana. Ina so in ya dawo, ko ɗansa ya zo, ya tarar da inda zai kwana da inda zai kai ƙara.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba mu zaman lafiya a gonakinmu, ya mayar da kowane matafiyi gida lafiya. Allah ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya, amin.

Wassalam.

Naku,
Sakataren Shirye-shirye na Jam'iyya,
Shiyyar Funtuwa.